Cikon da Kang Nari Ya Yi Mini

A garinmu ba a tambayar wanda ya ba ka ciko daga ina ya samo shi. Ƙasa ce, ɓaraguzan gini ne, fasassun tukwane ne, karɓa ake yi da hannu biyu a yi godiya. Teku tana hawowa kowace shekara, ƙasa tana nutsewa, wanda duk bai ɗaga tsakar gidansa ba zai yi alwala yana tsaye cikin ruwan gishiri. Akwai gidajen da aka yi ta ɗaga daɓensu har sai mutum ya sunkuya kafin ya shiga ƙofa.

Sunana Daryuni. Ina kiwon agwagi, ina yin ƙwai mai gishiri ina kaiwa shagunan bakin titin Tegal. Mijina masunci ne, ya rasu ya bar ni da yara biyu, Rohadi da Wasri. Ranar da aka haifi Rohadi ubansa ya nace sai an kai mabiyarsa, wato mahaifar da ta biyo shi, teku, yadda wasu masunta suke yi, wai don yaro ya ga duniya. To, ya gan ta. Yana can a jiragen kamun kifi na ƙasashen waje, murya kawai nake ji a waya, ita ma sai ya ga dama. Tun daga nan na rantse babu wani jinina da za a ƙara bai wa teku mabiyarsa. Mabiya 'yar'uwar jariri ce, tare suka zo, kuma inda aka ajiye ta nan zuciyar yaro take komawa. Ta Wasri a hagun ƙofata aka binne ta, kuma Wasri ba ta taɓa barin garin nan ba. Ko da ta auri Toyib masunci, shi ne ya tattaro komarsa ya dawo gidana.

Bayan gidana masana'antar yayana ce, Kasnari. Mutane Pak Haji suke ce masa tun da ya dawo daga Makka, ni kuwa Kang Nari, wato Yaya Nari, nake ce masa kamar yadda na saba tun yana goya ni. Shi ya raine ni bayan rasuwar iyayenmu, shi ya aurar da ni, shi ya saya mini agwagina na farko. In ana zaginsa a gabana sai na tanka ko da shi ne da laifi, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami. A wurinsa ake tsoma kayan babur da marikin ƙofa cikin manyan bahunan magani su fito suna ƙyalli. Ruwan da aka ɗauraye su da shi ta kwatar gefen katangata yake fita, launin ruwan ɗorawa, ya bi ya shiga rafi.

Agwagina suka fara yin ƙwai mai laushin ɓawo, wasu suka mutu. Wannan na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne Wasri ta yi ɓari har sau biyu, na biyun kuwa ciki ya riga ya yi ƙwari, mun ga hannuwansa. Ban ce ruwan Kang Nari ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Na dai ga 'yata mai yawan dariya ta koma zama bakin rijiya tana kallon guga.

A lokacin ne Bu Wening ta zo, wata malamar jami'a doguwa mai takalmin roba, ɗalibanta suna biye da ita da kwalabe. Ta same ni a bayan gida ina ƙona buntun shinkafa, don da tokarsa da gishiri nake kwaɓa abin da nake lulluɓe ƙwai.

Ta ce, "Bu Yuni, kin iya kashe wutar nan kafin buntun ya zama toka?"

Na ce, "Na iya, in ina so in yi aikin banza. Tokar nake nema."

"Ni kuwa gawayin nake nema."

"Ki zo ranar da ruwan sama ya ɓata mini aiki, sai in ba ki kyauta har da buhu."

Ta yi dariya, ta tsuguna kusa da ni ba ta damu da hayaƙi ba. Ta ce gawayin buntu cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma in aka gyara shi da magani, ruwa mai guba ya bi ta cikinsa, sai ƙarafan da ke cikin ruwan su maƙale. Kurom, in ji ta, da dalma. Dalma na san ta, ita mijina yake ɗaura wa koma. Ban taɓa sanin tana narkewa ta shiga ruwa ta shiga ciki ba.

Haka na zama mai ƙona wa Bu Wening gawayi. A tara buntu a kewaye bututu mai huji, a bar wuta ta ci daga ciki a hankali, da ya yi baƙi ƙirin a kashe da ruwa. Ɗaliban su wanke shi da maganinsu su shanya, ni in zuba a buhunan abincin agwagi in ɗinke bakin da shuɗiyar igiyar da nake ɗaure kwandon ƙwai. Aka jera manyan ganguna a bayan masana'anta, aka cika su. Ruwa ya shiga ta farko yana ruwan ɗorawa, ya fito ta ƙarshe garau. Kang Nari har kifi ya saka a ƙaramin tankin ƙarshe, duk baƙon da ya zo sai ya ja shi ya gani.

Ranar da aka gama aikin aka dafa shinkafa mai kurkum, aka tara dattawan unguwa aka yi addu'a. Bu Wening ta miƙe da faranti a hannu ta yi magana a gaban kowa.

"Pak Haji, abu ɗaya nake so a riƙe. Gawayin nan ba ya kashe guba, riƙe ta yake yi. Ranar da ya ƙoshi, shi ne ya zama gubar. Ba a zuba shi a gona, ba a ƙona shi, ba a cike rami da shi. Motar kamfanin da ke da izini ce za ta zo ta kwashe, ko da tsada."

Kang Nari ya dafa ƙirji. "Bu, kin ga gidan can? Na ƙanwata ne. Ni na goya ta. Wanda zai cuci rijiyar nan sai ya fara bi ta kaina."

Na sunkuyar da kai don kada a ga idona. Ban taɓa jin alfahari da shi kamar ranar ba.

Da farko Bu Wening ta hana mu shan ruwan rijiya, muka koma sayen na gora. Ta riƙa zuwa tana ɗiba tana kaiwa gwaji, har wata rana ta ce, "Bu Yuni, rijiyarki ta warke." Daga nan aikinta ya ƙare a garinmu, ta koma wani gari da ɗalibanta, ta bar mini lambar wayarta. Ni na ci gaba da ƙona gawayi ina miƙa wa yaran Kang Nari ta katanga, su suna canja na ganguna. Motar kwashewa ban taɓa ganin ta ba. Na taɓa tambaya sau ɗaya, ya ce ta babban titi take shigowa, ta ƙofar gaba, yaushe zan gan ta ina fama da agwagi. Na ce haka ne.

Sai Wasri ta sami ciki na uku.

Ba mu faɗa wa kowa ba sai da ya fito. Na hana ta ɗaukar ko buta. Toyib, wanda ba ya iya rufe baki ko a wurin jana'iza, ya koma tafiya a kan yatsun ƙafa. A shekarar kuwa teku ta yi mana rashin mutunci, ruwa ya riƙa shigowa tsakar gida har ƙwauri, Wasri tana ratsa shi in za ta bayi. Wata safiya Kang Nari ya leƙo ta katanga ya gan ta, ya ɓata rai.

"Yuni, haka za ki bar mai ciki tana iyo kamar agwaginki?"

"Ka ba ni kuɗin motar ƙasa mana, Pak Haji."

"Ke dai ba a yi miki magana ki yi shiru. Yaushe za ku je addu'ar cikin wata huɗu wurin surukanta?"

Iyayen Toyib a kan tudu suke, can wajen gonakin shayi, kuma sun nace a gidansu za a yi addu'ar. Na faɗa masa ranar. Ya ce mu tafi, mu yi zamanmu mu huta, zai sa a kula da agwagi.

Da muka dawo ban gane gidana ba. Tsakar gida ta tashi har gwiwa, jar ƙasa ce shimfiɗe an daɓe ta sumul tun daga ƙofa har bayan rijiya. Bakin rijiyar ma an ƙara masa tsawo da sabon siminti. Wasri ta tsaya ta rufe baki. Ni kuwa na zauna a kan jar ƙasar na yi kuka sosai, irin na yara. Na cika kwando da ƙwai mafi kyau na kai masa da kaina, na sumbaci hannunsa a gaban ma'aikatansa. Ya ce, "Tashi, tashi, ba na son shirme." Ban tambaye shi daga ina ya samo cikon ba, wa yake tambaya?

Damina ta shigo, ruwan sama daga bisa, na teku daga ƙasa, amma tsakar gidana a bushe. Duk matar da ta zo sayen ƙwai sai ta ji labarin yayana har ta gaji. Akwai lokacin da Wasri ta ce ruwan rijiya yana mata wani ɗanɗano a harshe. Na faɗa wa Kang Nari, ya ce sabon siminti ne, zai wuce. Na ce wa Wasri iyayin masu ciki ne. Na riƙa tafasa mata ruwan da hannuna safe da yamma, ina zuba mata a butar shayi, ina tsaye a kanta sai ta shanye, don ungozoma ta ce mai ciki ta sha ruwa da yawa.

Ta haihu da hantsi a ɗakin ungozoma. Mace ce, 'yar ƙarama, kukanta ma ƙarami, amma tana kuka. Na ƙirga yatsunta na sake ƙirgawa. Ungozoma ta ce nauyinta ya yi ƙasa, sai an kula, amma za ta yi. Wasri ta riƙe hannuna ta ce, "Mak, kusa da tawa za a binne mabiyarta, ko?" Na ce to ina kuma?

Binne mabiya aikin uba ne. Toyib ya wanke ta tas, ya naɗe a farin ƙyalle, ya saka a sabuwar tukunyar ƙasa da gishiri da allura da guntun fensir. Muka dawo gida ni da shi bayan azahar. Ya yi wanka, ya saka farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ɗauki fartanya. Na nuna masa wurin, hagu da ƙofa.

Yana haƙa yana surutu. "Mak, fensir ɗin nan na saka mai kyau. Likita za ta zama. Ba za ta yi warin kifi kamar ubanta ba, ba za ta yi warin agwagwa kamar wasu ba."

"Haƙa ka rufe mana baki. Sai ya kai tsawon hannu."

Bai yi nisa ba, bai fi taƙi guda ba, fartanyar ta daina fito da ja. Baƙi ta fito da shi, jiƙaƙƙe, yana marmashewa.

Toyib ya ce, "To fa. Mun haƙo kwal, Mak, mun yi arziki."

Ya sake sara, fartanyar ta maƙale a wani abu. Ya ja, sai ga bakin buhu. Buhun abincin agwagi ne, an ɗinke shi da shuɗiyar igiya, ɗinkin da nake yi mai komawa baya sau biyu a ƙarshe. Na durƙusa na ɗebo baƙin a tafin hannuna. Buntu ne, kowane ƙwaya da siffarsa, ni na ƙona shi. Sai dai ya yi wani kore-kore a jiki, kuma yana warin da na sani, warin da ke bugun hanci in an shiga masana'antar Kang Nari.

Toyib ya daina dariya. Na karɓi fartanyar na nufi rijiya. Na sara dab da sabon simintin, ja kaɗan, sai baƙi. Na koma wajen bayi na sara, baƙi. Gindin ayaba, baƙi. Na yi ta sara tsakar gidana kamar mahaukaciya har Toyib ya riƙe mini hannu. Duk gawayin da na miƙa ta katanga tun tafiyar Bu Wening yana nan, ya sha gubarsa ya ƙoshi, an kewaye rijiyata da shi an rufe da jar ƙasa. Motar da ke zuwa ta ƙofar gaba ba ta taɓa zuwa ba.

Na kira Bu Wening. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambaya ko Wasri ta sha ruwan.

Na ce, "Tafasasshe. Ni nake tafasa mata."

"Tafasawa ba ta fitar da ƙarfe, Bu Yuni."

Na sani. Ta taɓa faɗa mini. Amma ai rijiyata ta warke.

Ta ce kada kowa ya ƙara taɓa ruwan, ko wankan jariri kada a yi da shi. Za ta zo da kwalabenta, kuma a kai uwa da 'ya a gwada jininsu. Na ce ta faɗa mini gaskiya, yarinyar ta cutu? Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta sani ba. Wataƙila gawayin ya riƙe mafi yawa, wataƙila ruwan gishiri ya sa ya saki. Ta ce ita dalma ba ta cika nuna aikinta a ranar haihuwa ba, sai yaro ya isa tafiya, ya isa magana, ya shiga makaranta, sannan a gani.

Na ɗauki tukunyar mabiyar na rungume, na cika ledar ƙwai da baƙin gawayi, na fita. Toyib ya biyo ni da farar rigarsa duk ta ɓaci.

Gidan Kang Nari yana can gefen masallaci, nesa da masana'anta. Na same shi a baranda da butar shayi, an ɗaure wata ƙosasshiyar akuya a gindin mangwaro. Jikokinsa suna ta guje-guje a tsakar gida. Ya gan ni ya washe baki.

"Kakar jaririya. Kin ga akuyar suna? Tun wancan watan na saye ta. Me kika riƙo haka, ba ku binne ba har yanzu?"

Na juye ledar a kan teburin, kusa da kofinsa. Ya kalli gawayin, ya kalle ni. Fuskarsa ba ta nuna mamaki ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Mutum ne da ya daɗe yana jiran ranar.

Ya ce, "Zauna, Yuni."

"Ba zama na zo yi ba."

"Gawayi ne fa. Naki ne ma, ke kika ƙona shi."

"Ni na ƙona shi, kai ka ciyar da shi."

"Ki saurare ni. Kin san abin da motar nan take ci? In na biya ta kowane zuwa, sai in rufe wurin. Mutum nawa ke cin abinci a ƙarƙashina? Ban zuba a rafi ba, ban zuba a gonar kowa ba. Yana jibge a bayan masana'anta ruwa yana dukansa, ke kuma ga ki cikin ruwa da mai ciki. Na ce a binne shi a rufe da ƙasa mai kyau, kowa ya huta. Su malaman nan komai guba ne a wurinsu. Kifin tankina ya mutu?"

"Kana wurin da ta ce ba a cike rami da shi. Ka dafa ƙirji, Kang. Shinkafar addu'a tana bakinka."

"Na yi miki abin da babu wanda ya yi miki a garin nan. Kin yi wata nawa ƙafarki ba ta taɓa ruwa ba?"

Na juya na kalli tsakar gidansa. Shi ma ya ɗaga ta a shekarar, har ta fi tawa tsawo. A gefen katanga an haƙa ramin shuka wata bishiya, mai zurfi, kuma ja ne tun daga sama har ƙasa.

Na ce, "Naka da me ka cike?"

"Ƙasar tudu. Mota aka kawo."

"Gawayin bai isa gida biyu ba ne?"

"Haba Yuni, yara suna wasa a nan."

Ya faɗe ta ne kafin ya yi tunani. Na ga lokacin da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya kai hannu wajen kofi ya fasa ɗauka. Toyib ya yi wani motsi a bayana, na tare shi da kafaɗa. Duk hanya ina tanadin zagi, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, amma a lokacin ko ɗaya ban samu ba. Abin da na ji shi ne kunya, kunyar kwandon ƙwan da na kawo, da hannun da na sumbata. Ashe ya sani sarai. Ya auna gida biyu, ya zaɓi wanda za a iya zuba wa.

Ya sassauta murya. "Zan kwashe. Gobe zan turo yara su kwashe duka, in kawo miki ƙasar tudu. Ruwan gora kuma ni zan riƙa saya. Kawo tukunyar, a binne ta a nan. Ga ƙasa mai kyau, nan ma gidanku ne. Toyib, ɗauko fartanya a bayan kicin."

Ya miƙo hannu. Hannun nan ne ya riƙe ni ranar da aka binne uwarmu. Na ja tukunyar baya.

Na ce, "'Yar'uwarta ce a ciki. Ba na barin 'yar'uwa a hannunka."

"Yuni, ni ne fa."

"Na sani, Pak Haji."

Ban taɓa kiransa haka ba sai da wasa. Ya ji bambancin. Muka fito, akuyar tana kuka a bayanmu.

Wasri tana zaune a gadon ungozoma tana ƙoƙarin ba da nono, yarinyar tana kamawa tana saki. Ta ga tukunya a hannuna, ta ga rigar mijinta. Na so in ɓoye mata sai ta yi ƙwari, amma a gidanmu an yi ɓoye-ɓoyen da ya isa. Na zauna a bakin gado na faɗa mata duka, har da maganar Bu Wening. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana shafa kan yarinyar da yatsa ɗaya.

Can ta ce, "Na faɗa miki yana da ɗanɗano, Mak."

"Kin faɗa."

"Tawa ma tana ƙarƙashinsa ke nan."

"Tana can."

Toyib ya ce ko a kai gidan iyayensa a kan tudu. Amma mabiya ba ta kwana, kuma motar tudu ta ƙarshe ta riga ta tashi. Ya ce to maƙwabta fa? Na ce wane gida ne a unguwar nan ya san abin da ke ƙarƙashinsa? Kowa karɓa ya yi ya yi godiya.

Wasri ta ɗago ta kalle ni. Ta san rantsuwata, ta ji ta tun tana yarinya, duk ranar da Rohadi ya yi alkawarin zuwa sallah bai zo ba. Ni ta bar wa hukuncin.

Na ce wa Toyib, "Akwai mai a jirginka?"

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka fita bakin rafi. Muka wuce bayan masana'anta, ganguna suna nan a jere, ruwa yana fita garau daga ta ƙarshe. Muka wuce gidajen da suka nutse har taga, muka wuce turakun masu kiwon kifi, har ruwan ya canja launi. Toyib ya kashe inji. Aikin uba ne, amma ya kasa, ya zauna ya rufe fuska da hularsa. Ni na yi bismilla.

Mijina da ya saki ta Rohadi cewa ya yi, je ka ga duniya ka dawo. Na tuna da kalmomin sarai, don na yi shekaru ina jin haushinsu. Na sunkuya na ɗora tukunyar a kan ruwa, na riƙe ta har igiyar ruwa ta fara ja.

Na ce wa teku, "Ki tafi da ita nesa. In yarinyar ta yi ƙafa, ki kira ta."

Ban ce ta dawo ba. Na buɗe hannuna.